Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen makarin zafi na silin tsohuwar mota mai ɗaki

Mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki, a yi girki, a yi wanka, idan ta kwana biyu silin ne ke fara tona mata asiri. Yadin ya saki ya rataya, tabo ya fito a gefen fanka, da rana ba a iya zama ciki, da asuba kuma ruwa na ɗiga daga kan sukuru. Duk wanda ya tashi gyara, abin da yake fara tambaya shi ne wane makarin zafi da sanyi ya fi kowanne ƙarfi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yadda aka ƙera rufin, da inda ruwa zai bi idan ya shiga, su ne ke zaɓa maka makari, ba lambar da aka buga a jikin kwali ba.

Me ya sa ake cewa a fara da silin, ba bango ko daɓe ba?

Saboda rufi ne ke fuskantar sama kai tsaye. Da tsakar rana, idan gari ya washe, hasken rana na sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Rufin da ya kai mita 6 a tsawo da mita 2.2 a faɗi ya kai murabba'in mita 13, ka ga kusan wat 13,000 ke nan ke dukansa. Idan fentin mai duhu ne, kwanon na iya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Lokacin sanyi kuma abin ya juya: iskar da hita ta ɗumama tana taruwa a sama, ga shi kuma da dare idan babu gajimare rufin na fitar da zafinsa zuwa sararin sama har ya fi iskar waje sanyi.

Sai dai kada a ɗora wa silin abin da ba zai iya ba. Gilashin gaba da tagogin wurin direba falle ɗaya ne, kuma ta nan zafi mai yawa ke shiga da fita. Wanda ya gyara silin ya bar gilashi tsirara zai ji sauyi, amma ba yadda ya zata ba.

Ta yaya zan gane irin rufin da motata ke da shi?

Cire fitila ɗaya, ko murfin cikin fanka, ka haska tocila a gefen ramin. Daga nan za ka ga hawa-hawan rufin tun daga silin har fatar waje. Iri uku aka fi samu.

Na farko rufin katako ne: raftocin katako a jere, falle na alminiyam ko roba ko faiba a waje, siririn filawud a ciki, tsakaninsu kuma audugar gilashi. Tsofaffin motocin Amurka da yawa haka suke. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara, domin ana iya sauke silin, a kwashe tsohuwar audugar, a sa sabon makari tsakanin raftoci.

Na biyu shi ne rufin da aka matse da gam tun daga masana'anta: fatar waje, farin soso a tsakiya, filawud a ciki, duk an manne su sun zama abu guda. A nan soson ba makari kaɗai ba ne, yana cikin abin da ke riƙe da rufin. Idan ka ɓamɓare filawud ɗin ka kwakule soson da nufin sa wanda ya fi shi, ka karya ƙarfin rufin ke nan. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai sun yi nisa da ɓamɓara. Irin wannan rufi, in dai bai ruɓe ba, ƙari ake yi masa daga ƙasa.

Na uku motar ɗaukar kaya ce ta ƙarfe da aka mayar ɗaki. Rufinta kwano ne mai lanƙwasa, da raftocin ƙarfe masu rami a ciki. Abokiyar gabarta tsatsa ce, ta biyun farko kuwa ruɓewar katako.

Akwai tabon ruwa a silin. Ba zan iya sa sabon makari in rufe shi ba?

A'a. Makarin da aka sa a ƙarƙashin rufi mai yoyo ɓoye cutar kawai yake yi, ya kuma hana wurin bushewa.

Fara da gano ko yoyo ne ko raɓa. Tabon yoyo yakan zama ruwan ƙasa, da zobe-zobe, yana ƙaruwa bayan ruwan sama. Raɓa kuwa tana fitowa ne da safe bayan daren sanyi, ko da ba a yi ruwa ba, kuma takan bi layin ƙarfe. Idan yoyo ne, ka sani inda tabon ya fito ba lallai nan ruwan ya shiga ba, yana iya bin rafta ya yi tafiyar mita guda kafin ya ɗiga. Wuraren zargi su ne kewayen tagar rufi, fanka, gindin eriya, ƙafafun sola, da gaɓar da rufi ya haɗu da gaba da bayan mota.

Na'urar auna danshin katako ba ta da wuyar amfani. Ƙasa da kashi 15 cikin ɗari lafiya lau. Tsakanin 15 da 20 a sa ido. Sama da 20 akwai matsala, kuma idan katakon ya daɗe a haka ruɓewa na tafe. Ka kuma soka sukundireba a raftocin: lafiyayyen katako zai ƙi, ruɓaɓɓe zai nutse yana marmashewa. Duk wanda ya nutse a yanke a sa sabo.

Wajen toshe yoyon a kula da abu biyu. Gam ɗin silikon na bandaki bai dace da rufin mota ba: yana sakin jiki da jijjiga, kuma inda ya taɓa babu wani gam da zai sake kamawa sai an kankare shi tas. Sannan idan rufin na robar EPDM ne, kada abin da ke da fetur ko tina a ciki ya taɓa shi, yana kumbura robar. A nemi gam da aka yi domin irin wannan rufi.

Mene ne lambar R, kuma me ya sa lambobin kamfanoni ba sa daidaituwa?

Lambar R na nuna yadda makari ke turje wa wucewar zafi, mai girma ta fi. Akwai kuma lambar lamda, wadda ke nuna yadda abu ke barin zafi ya wuce, a nan ƙarama ta fi. Ana samun R ta hanyar raba kauri, a mita, da lamda. Allon PIR, wani irin allon kumfa mai tauri, mai kaurin milimita 25 da lamda 0.022 zai ba ka R kusan 1.1. Audugar da lamdarta take 0.040, a wannan kaurin, za ta ba ka kusan 0.6.

Ruɗanin daga ma'auni yake. R ta Amurka ta ninka ta ma'aunin mita kusan sau 5.7, don haka R-6 a kwalin Amurka da 1.06 a kwalin Turai abu ɗaya ne. Kafin ka kwatanta kaya biyu, tabbatar da cewa da ma'auni ɗaya aka auna su, kuma a kauri ɗaya. Wasu masu talla kan rubuta lambar rufi dungurungum, har da ratar iska da filawud, su sa ta kamar ta kayansu ce kaɗai.

Tsakanin PIR da XPS da EPS, wanne zan ɗauka?

Dukkansu allunan kumfa ne masu tauri, kuma a rufin katako mai shimfiɗe su ne zaɓin da na fi yarda da shi.

PIR, wanda galibi ke zuwa da takardar alminiyam a fuska biyu, shi ya fi tare zafi a ƙaramin kauri: kusan R-6 a kowane inci a ma'aunin Amurka. Yana kuma jure zafin kwano fiye da sauran biyun. Rauninsa a tsananin sanyi yake, idan gari ya sauka ƙasa da daskarewar ruwa ƙarfinsa na raguwa, saboda iskar da ke cikin ramukansa na fara zama ruwa. Gefensa da aka yanka kuma na iya shan laima idan ruwa ya kwanta a kai.

XPS, mai launin shuɗi ko hoda ko kore gwargwadon kamfani, yana ba da R-5 a inci. Ba ya shan ruwa sosai, sanyi kuma ba ya rage masa ƙarfi. Amma iyakar zafin da yake ɗauka kusan digiri 75 ne, ka ga idan aka manna shi a jikin baƙin kwano a wuri mai rana ana wasa da iyakar. Yana iya lanƙwashewa ya bar kafa.

EPS shi ne farin soson nan mai ƙwayoyi da ake tokare firiji da shi a kwali. Ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, R ɗinsa wajen 4 a inci, yana kuma marmashewa wajen yanka.

Saboda haka mai yawan zama a zafi ya ɗauki PIR, mai yawan zama a ƙanƙara ya ɗauki XPS. Ko wanne ne, aikin yanka ya fi sunan allon muhimmanci. A yanka shi ya rage kusan milimita 5 ta kowane gefe, a manna, sannan a cike ratar da kumfar gwangwani marar yawan kumburi. Allon da aka cusa kawai ba gam ba kumfa zai riƙa ƙugi da ƙara a kan hanya har ya gundure ka. Kuma gam mai tina na narkar da XPS da EPS nan take, za ka ga wurin ya lotsa yana zama rami a gaban idonka. A gwada gam a guntu tukuna.

Audugar gilashi ce a ciki tun asali. Me zai hana in mayar da irinta?

Abin da ka gani da ka sauke silin shi zai hana. Yawanci za ka tarar ta kwanta ta zama siririya, ta yi baƙi inda iska ke bi, wani wurin ta jiƙe, wani wurin ɓeraye sun yi sheƙa. A gida, inda bango ba ya motsi kuma akwai kauri, tana aiki. A mota tana shan jijjiga, ga kauri kaɗan, idan kuma ta jiƙe sai ta riƙe ruwan a jikin katako ko ƙarfe. Audugar dutse ta fi ta riƙe siffarta, ba ta kama wuta, tana kuma rage ƙara, amma ita ma tururi na ratsa ta har ya kai kwano. Ina ganin amfaninta a kewayen bututun hita ne, ba a silin gaba ɗaya ba.

Ulun tumaki da Thinsulate fa? Ana yawan yabonsu.

Yabon na da tushe. Dukkansu suna bin lanƙwasa, ba sa ƙaiƙayi, suna shanye ƙara, kuma mutum ɗaya da almakashi zai iya aikin. Thinsulate, na kamfanin 3M, zaren roba ne da ba ya shan ruwa, ana manna shi da gam na feshi. Ulu kuwa na iya ɗaukar laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, ya sake ta idan iska ta bushe. Wanda ake sayarwa domin wannan aiki an sa masa maganin asu, kada a ɗauki wanda ba a sa wa ba.

Inda nake ja da baya shi ne kauri. Lamdarsu tana tsakanin 0.035 da 0.040 ko sama, wato suna bukatar kusan ninki biyu na kaurin PIR kafin su kamo shi, kuma idan aka matse su ƙarfinsu ya tafi. A bango, inda akwai rami mai zurfi, babu laifi. A silin da ke da milimita 30 kacal, sai an yi lissafi. Na biyu, suna barin tururi ya wuce. Ulu na sakin laimar da ya sha ne idan ya sami lokacin bushewa, wanda kuwa ke zaune a mota duk tsawon hunturu, yana girki yana numfashi a ciki, ba ya ba shi wannan lokacin.

Rufina na ƙarfe ne mai lanƙwasa. Allo ba ya kwanciya. Yaya zan yi?

Nemi baƙar robar kumfa mai rufaffun ramuka, irin su Armaflex, mai gam a baya. Asalinta domin naɗe bututun sanyi aka yi ta, don kada su yi gumi, kuma aikin da ake so a nan ke nan. Lamdarta wajen 0.035 ce, ba ta kai PIR ba, amma tana mannewa da kwano ko'ina, ba ta barin wurin da iska mai laima za ta laɓe. Kaurin milimita 19 aka fi amfani da shi a rufi, wanda ke da wuri ya sa 25 ko ya ninka.

Gam ɗinta ba ya yafiya. Da ta taɓa ƙarfe ta zauna, in ka ja ta yage. A wanke kwanon da abin cire maiƙo, a kashe duk tsatsar da aka gani a shafa fenti, a yi aikin ranar da ƙarfen bai yi sanyi ba. A riƙa ɓare takardar bayan kaɗan-kaɗan ana dannawa daga tsakiya zuwa gefe. Kada a ja ta don ta kai, domin wadda aka miƙe tana komawa daga baya ta bar kafa a bakin.

Kumfar feshi ba ita ce ta fi duka ba?

A takarda, mai rufaffun ramuka ta fi: R-6 zuwa 7 a inci, tana cike kowane lungu, tana tare tururi. A tsohuwar mota kuwa ina shakkarta, kuma ga dalilai. Tsohon rufi zai sake yoyo wata rana, idan ya yi kumfar za ta ɓoye wurin, ruwa ya yi ta cin katako ba a sani ba. Duk wayar da ta binne ta binnu. Idan ana bukatar walda a rufin, dole a kankare kumfar da nisa, in ba haka ba gobara ce da hayaƙi mai guba. Tana fitar da zafi tana kuma turi yayin kumburi, har takan sa siririn kwano ya yi tudu da kwari da ake gani daga waje. Sinadarinta na cutar da huhu lokacin feshi, takunkumin ƙura ba ya tare shi. Idan kuma haɗin sinadaran biyu bai daidaita ba, kumfar ba ta nuna, wari ya zauna a motar, kuma cire ta azaba ce.

Wanda ya nace a kanta ya ba gwani, bayan an gama duk aikin waya da walda. Mai buɗaɗɗun ramuka kuwa tana shan ruwa, ba ta da wuri a rufin mota.

Ledar nan mai ƙyalli da kumfar iska a tsakiya, ta isa?

Ita kaɗai R ɗinta wajen 1 ne a ma'aunin Amurka. Ƙyallin na aiki ne idan yana fuskantar ratar iska ta kusan milimita 20, da an matse ta tsakanin kwano da filawud, ƙyallin ya tashi a banza. Wurinta taga ne da tagar rufi, inda take mayar da hasken rana.

Shin sai na sa ledar tare tururi?

Wannan ce tambayar da aka fi jayayya a kanta, kuma ba a fahimtar amsar sai an gane daga ina ruwan yake. Dubi kwalbar ruwan sanyi da aka ajiye a ɗaki, yadda take gumi: ba daga ciki ruwan ya fito ba, iskar ɗakin ce ta sauke shi a jikinta. Haka kwanon rufi yake da daren sanyi. Iskar da ke digiri 20 da laima kashi 60 tana fara sauke raɓa a kan duk abin da ya sauka zuwa digiri 12. Laimar kuwa ba ta ƙarewa a ƙaramin wuri: mutum biyu da suka kwana na fitar da sama da rabin lita ta numfashi da gumi, kuma kowane kilo na gas ɗin girki da aka ƙona na sakin kusan kilo 1.6 na ruwa a iska. Ga tafasa, ga wanka, ga jiƙaƙƙen tawul.

A gida ana sa leda ta ɓangaren ɗumi don tururi kada ya shiga makari, wanda ya shiga kuma ya fita ta waje. A mota babu fita ta waje, domin kwano da faiba ba sa barin tururi ya wuce. Idan ka sa leda a ciki, ka kulle makarin tsakanin shinge biyu. Ledar kuma ba za ta zauna ba huda ba: ga sukurori, ga ramin fitila, ga waya. Tururi zai shiga ta ƙananan hudoji, ya zama ruwa, ya rasa hanyar fita.

Hanya biyu ce ke da ma'ana. Ko dai makarin da kansa ya zama shingen, wato robar kumfa ko allo da aka manne da fatar rufi ba rata, aka rufe gaɓoɓinsa da salatif na alminiyam. Ko kuma a yi amfani da ulu ko Thinsulate ba leda kwata-kwata, a bar silin na numfashi, a dogara da fanka. Wadda ke jawo ɓarna ita ce ta tsakiya: auduga a jikin kwano, da leda mai hudoji a ƙarƙashinta. A rufin ƙarfe na fi son hanya ta farko.

Ko wacce aka bi, makari ba ya cire laima daga iska. Fanka ce ke cirewa. A bar tagar rufi a ɗan buɗe da dare ko da ana sanyi, a kunna fanka lokacin girki.

Na sa makari, amma ɗigon ruwa na fitowa a jere a silin. Me ya faru?

Raftoci ne. Ƙarfe na wuce da zafi fiye da PIR sama da sau 2,000, alminiyam kuma ya ninka ƙarfe sau uku zuwa huɗu. Ka cike tsakanin raftoci amma su kansu suna nan tsirara, kowane sukurun da ya shiga cikinsu yana jawo sanyin waje har kansa. Shi ya sa ɗigon ke jeruwa daidai da layin sukurori, daga baya kuma baƙin layin fumfuna ya biyo.

Maganin shi ne a shimfiɗa siririyar robar kumfa, milimita 6 zuwa 10, a kan fuskar raftocin kafin a ɗora silin. Wanda ya fi wannan: a ɗaura siraran katako a jikin raftocin, sannan a ɗaure silin a jikin katakon da gajerun sukurori da ba su kai ƙarfe ba. Ramin cikin raftocin ƙarfe kuwa kada a cika shi da kumfar gwangwani, akwai hanyoyin da ruwa ke bi ya fita, toshe su na kawo tsatsa daga ciki.

Kauri nawa ya isa, kuma nauyin fa?

Tsayinka ne zai yanke hukunci. Tsayin cikin irin waɗannan motoci da wuya ya wuce mita 2, don haka auna da takalmi a ƙafa kafin ka sayi komai. Milimita 25 na farko su ke kawo babban sauyi, na biyu kan ƙara, amma ba kamar na farko ba. Yawancin rufi na ɗaukar 25 zuwa 50.

Makarin kansa ba shi da nauyi. PIR na da kusan kilo 32 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, don haka rufin murabba'in mita 13 a kaurin milimita 25 bai wuce kilo 11 ba. Nauyin na zuwa ne daga abin da aka rufe shi da shi. Filawud mai milimita 3 ya isa silin, katakon ado mai kauri na iya ninka wannan sau da yawa, kuma nauyi a sama na ƙara wa mota tangaɗi a kwana. A yawancin ƙasashen Turai lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, motoci da yawa kuma daf da iyakar aka ƙera su. Duba farantin nauyin da ke jikin motarka.

Me zan kiyaye game da wayoyi, fitilu da hita?

Wayar da makari ya lulluɓe ba ta iya fitar da zafinta. Dokar wayarin ta Birtaniya ta ce idan makari ya kewaye waya gaba ɗaya tsawon rabin mita ko fiye, a ɗauka rabin wutar da aka rubuta mata za ta iya ɗauka. Sannan rigar PVC ta waya ba ta jituwa da EPS da XPS: idan suka daɗe a manne, rigar na bushewa ta tsattsage. A sa wayoyi cikin bututun roba, a bar igiya a ciki domin jan wata wayar gaba. Tunda silin a buɗe yake, yanzu ne lokacin sauya duk wayar da ta tsufa.

Tsofaffin fitilun halojin na zafi sosai, a mayar da su LED. Bututun hayaƙin hita ko na firijin gas da ya ratsa rufi yana da tazarar da kamfani ya gindaya, kumfa ko wace iri kada ta shiga wannan tazarar.

Akwai kuma ramukan iska da aka yi don su zauna a buɗe kullum, har a cikin wasu tagogin rufi ko an rufe su. A Turai ƙa'idar EN 721 ce ta wajabta su. Mai neman ɗumi kan ga kamar ɓarna ce ya toshe. Iskar kabon monoksaid, wadda ke fitowa idan gas bai ƙone sosai ba, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. A bar ramukan, a kuma rataya na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska.

Ba na son sauke silin. Akwai abin da zan yi?

Akwai. Mafi tasiri a lokacin zafi shi ne fentin rufi: fari mai tsabta na mayar da kashi 70 zuwa 80 na hasken rana, baƙi kuwa shanye kusan duka yake. A wanke rufin, a shafa farin fenti da ya dace da irinsa. Faranten sola da aka ɗaga daga rufi suna yin inuwa su ma. Daga ciki ana iya manna robar kumfa ta milimita 10 a ƙarƙashin tsohon silin a rufe da yadi, muddin an tabbatar babu laima a sama. A yi wa tagar rufi matashin soso da ake cusawa da dare. Idan yadin silin ne ya saki, soson bayansa ne ya zama gari, sai an goge shi tas, a kuma nemi gam mai jure zafi, in ba haka ba rana ɗaya mai zafi za ta sake sauke shi.

Makari zai rage ƙarar ruwan sama?

Mai laushi zai rage, allo mai tauri ba sosai ba. A rufin ƙarfe ana fara manna faci-facin roba mai nauyi a tsakiyar kowane fili don kashe amon kwano. Rufe kwata zuwa sulusin filin ya isa, sauran ƙarin nauyi ne kawai.

Da wane shiri zan sauke tsohon silin, kuma yaushe zan rufe sabon?

Takunkumi mai tace ƙura, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu. Abin da zai zubo maka a ka ya haɗa da garin gilashi, fumfuna da kashin ɓera. Kashin ɓera kada a share shi a bushe, a fesa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwashe a jiƙe. Idan motar ta girmi shekarun 1980 kuma ka ga farin ƙyalle ko allo mai kama da siminti kusa da bututun hita, ka ɗauka asbestas ne, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, har sai an gwada, kada ka yanka ko ka goge. Cire batir da wayar wutar waje kafin ka taɓa komai, ka kuma ɗauki hoton kowace waya a inda take.

Rufewa kuwa kada a yi gaggawa. Bayan an toshe yoyo, a sa mutum ya zuba ruwa da tiyo a rufin, yana farawa daga ƙasa yana hawa, gaɓa bayan gaɓa, kai kana ciki da tocila. A bar katakon ya sauka ƙasa da kashi 15. Bayan an sa makarin, a kwana ɗaya ko biyu a motar da hita a kunne kafin a ɗora filawud, da asuba a bi rufin da tafin hannu: duk inda aka ji sanyi ko danshi akwai kafar da ba a cike ba. Sannan a ɗaure silin da sukuru maimakon gam, falle-falle, yadda za a iya sauke na kusa da fanka da tagar rufi shi kaɗai idan an tashi dubawa.